Ranar da Aka Yaye Kwanon Sule

Wata ƙara ce ta tashe ni a daren da za a wayi gari Alhamis, ana tsakiyar bazara. Ba harbi ba ne, don harbi mun san shi, har yaranmu suna iya gaya maka irin bindigar. Ba kuma kukan dabba ba ne. Wani abu ne kamar ana jan busasshiyar fata a kan faranti, a ja, a tsaya, a sake ja, sai kuma ƙas-ƙas kamar ana zuba tsakuwa. Na kwanta ina gwada ta da abubuwan da na sani. Na ce ko damo ne ya hau rufi. Na ce ko iska ce ta sami wata kafa da ba ta taɓa samu ba. Da na gaji da zato sai na laluba takalmina na leƙa ta kan katanga.

Maƙwabcina Sule ne tsugune a kan ɗakinsa, yana janye karan dawa daga kan kwanon rufinsa yana turowa ƙasa. Inda ya yaye, farin wata ya sauka, kwanon ya yi wani haske da na manta akwai irinsa a garinmu.

Na ce, "Sule, lafiya?"

"Lahiya lau, Baba Jabir. Koma ka kwanta."

"Mai unguwa ya sani?"

"Zai sani da safe."

Wanda bai san Unguwar Marke ba, zai ce ina abin tambaya don mutum ya share rufinsa. Garinmu yana bayan Tsaskiya ne, ƙasar Safana. Yamma da mu akwai wani dogon dutse, bayan dutsen kuma daji. A da, duk wanda ya je ci-rani ya dawo da ɗan abin hannu, kwano yake fara saye. In ka taso daga hanya da rana sai ka hango garin yana ƙyalli kamar an watsa madubai a gona. Muna alfahari da hakan.

Sai mutanen daji suka shigo mana. Gidan Ɗanmaraya suka fara faɗawa, wanda katangarsa ke haɗe da ta Sule ta ɗaya gefen, lokacin kwanonsa sabo ne. Suka kore masa shanu, suka tafi da ƙanensa Zaharaddeen. Da Allah ya kuɓutar da Zaharaddeen ya dawo, ya gaya mana abin da ya gani da idonsa. Ya ce da yamma sukan hau dutsen nan su zauna suna kallon garuruwa, wani ya nuna da sanda ya ce, wancan mai ƙyallin yana da shi. Zaharaddeen bai ƙara kwana a garin ba, ya koma Katsina. Mu da ba mu da inda za mu koma muka taru a ƙofar masallaci, aka yanke cewa duk mai kwano ya rufe shi. A shimfiɗa zana, a jera kara, a danne da duwatsu. Duk kaka a ƙara sabon kara a kan tsoho. Shekara ta zagayo, wata ta biyo, har kabewa ta riƙa yaɗo a kan ɗakunanmu. Daga nesa garin ya koma kamar na waɗanda ba su taɓa riƙe komai ba.

Ko karan ne ya tsare mu, ko dai kwananmu ne bai ƙare ba, ba wanda ya sani. Ba kuma wanda ke son gwadawa.

Abin da ya hau da Sule kan ɗaki shi ne matarsa Hussaina. Ciwon suga ke gare ta, irin wanda sai da allura safe da yamma. Maganin allurar ba ya son zafi. Sule ya haƙa rami a gindin darbejiyar tsakar gida, ya binne tulu har wuya cikin jiƙaƙƙen rairayi, a nan ake ajiye kwalbar. Da sanyi yana yi. Amma da bazara ruwan tulun kansa ɗumi yake yi, maganin sai ya yi gudaji-gudaji kamar nonon da ya tsinke. Mahfuza, ma'aikaciyar jinya a Safana, ta ce in ya kai haka ruwa kawai ake tsira mata. Dole Sule ya riƙa hawa babur yana zuwa Safana yana karɓowa kaɗan-kaɗan daga firjin asibiti, a kan hanyar da in ka fita sai an yi maka addu'a kamar mai tafiya Makka. Wani makon hanyar ba ta biyuwa sam. A irin wannan makon ne Hussaina ta faɗi a bakin turmi tana dakan kalwa, aka ɗaure ta da zane a bayan Sule kamar jaririya aka kai ta.

Mahfuzar ce ta zo da labarin cewa wata ƙungiya za ta sa wa masu irin wannan ciwon sola da ɗan ƙaramin firji a gida, ta kuma ba da sunan Hussaina. Sai dai kamfanin da aka ba aikin ya daina turo mutane su hau rufi su auna. Wani ɗan jirgi marar matuƙi suke turowa, ya ɗauki hoton rufin daga sama, su auna a can cikin kwamfuta.

Ranar da ya fara zuwa, mata suka kwashi yara suka shige ɗaki, maza suka raɓe a bango. Ni kam na tsaya a fili. Tun ina yaro nake tunanin yadda shirwa take ganinmu, ko tana bambance mai unguwa da mai kiwon jaki. Abin bai fi faifai girma ba, ƙafafu huɗu, yana kuka kamar zanzaro ya shiga gora. Ya tsaya cak a saman gidan Sule kamar yana tuna wani abu, ya matsa, ya sake tsayawa, sannan ya koma gabas inda ya fito. Yara suka sa masa suna Zanzaro.

Bayan kwanaki Mahfuza ta kira Sule ta ce an cire sunan Hussaina. An ce rufin ciyawa ne, ba zai ɗauki farantin sola ba.

Ofishin kamfanin yana Batsari, daga can suke kula da ƙasar Batsari da Safana duka. Da Sule ya ce zai je na ce zan raka shi. Ya ɗauka don zumunci ne, akwai zumuncin kuwa, amma har da son in ga abin da Zanzaro ya gani. Wani shago ne suka kama kusa da sakatariya, fanka ɗaya tana juyi kamar ita ma ta gaji. Mai aikin sunansa Armaya'u, siririn mutum mai jajayen idanu. Bayan mun gaisa, ya tambayi mutanen gida da hanya da zafi, sai ya juyo mana da kwamfutar.

Ga Unguwar Marke nan kwance, toka-toka, kamar tarin gidajen gara. Na gane marken da aka sa wa garin sunansa, na gane rijiya, baƙin ɗigo. Na gane gidana da tulin kwalabe da ƙahonin da nake tarawa a bayan ɗaki, waɗanda iyalina ke cewa shara ce. Daga sama kuwa sun yi tsari, wallahi, kamar zanen tabarma.

Armaya'u ya sa yatsa a wani wuri. "Nan ne gidanka?"

Sule ya ce, "Nan ne."

"To ka gani. Kara ne."

"Kwano ne, yallaɓai. Kwano ne a ƙarƙashi. Ni na saye shi, ni na riƙe wa kafinta tsani."

"Na yarda, Malam Sule. Wallahi na yarda. Ba kai ne na farko da ya zo mani da wannan maganar ba." Ya murza idonsa. "Amma abin nan ba ya ganin ƙarƙashi. Da hoton ake fitar da tsawon rufi da faɗinsa da gangarensa, da inda rana ta fi zama, da inda itace ke yin inuwa. Da wannan awon ake yanka ƙarafa tun a Katsina. Masu ɗorawa sau ɗaya suke zuwa, su ɗaura su juya kafin la'asar. In na tura masu kara, me za su yanka?"

"In auno da igiya in kawo maka."

"Ba su karɓa. Bara an karɓa a wani ƙauye, awon ya zo ba daidai ba, ƙarafan suka ƙi zama, dole yaran suka koma karo na biyu. A karo na biyun an san za su zo, aka jira su a hanya." Ya juya kwamfutar wajensa. "Tun daga nan aka ce sai abin da jirgi ya gani."

Sule ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Don in rage nauyin maganar na tambayi Armaya'u ko jirgin yana ganin cikin rijiya, ko kuma shirwa ta taɓa kai masa hari. Ya dube ni kamar yanzu ya lura da ni, sai ya yi 'yar dariya ya ce cikin rijiya duhu kawai yake gani, shirwa kuwa ta taɓa fige masa fiffike ɗaya a wajen Yasore. Na ji daɗin wannan, ban san dalili ba.

Da za mu tashi ya ce, "Ranar Alhamis zan zagaya na ƙarshe. Zan fara da wajen Darini, in biyo ta bakin hanyarku da hantsi, in tayar da shi daga can. In ya ga kwano, zan mayar da sunanta. Bayan Alhamis an rufe, ba hannuna a ciki."

A hanyar dawowa Sule ya yi magana daidai lokacin da muka wuce wata motar da aka ƙone tun bara. Ya ce, "In na tambaya za su hana." Shi ya sa ya hau shi kaɗai cikin dare. Karan shekaru ba abin da mutum ɗaya zai yaye da hantsi ba ne.

Ana idar da sallar asuba labari ya gama gari. Kafin rana ta fito mutane sun cika ƙofar gidan Sule. Kara ya yi tsibi a tsakar gida, baƙi, ruɓaɓɓe, ɓeraye na ta fita daga ciki. Na tsinci saɓar maciji doguwa, ba ta yage ko kaɗan ba, na naɗe ta a aljihu. Sule yana sama da bokiti da tsumma yana goge kwanon. Duk inda kara ya riƙe ruwa ya yi tsatsa, ja-ja. Yana gogewa yana kallon tsatsar kamar mai duba miki a jikin ɗansa.

Ɗanmaraya ya ratso mutane ya shigo, ko carbinsa bai mayar aljihu ba.

"Kai Sule! Mi ka yi haka? Sauko nan!"

"Ina kwana, Baba Ɗanmaraya."

"Ban kwana ba! Wa ya kwana kana ta kankare mana kai? Ni na ɗauka aljanun Mai-tarkace ne suka fito kiwo." Ni yake nufi, haka yake kirana tun muna samari. Ya juyo kaina. "Kai ma ka sani ko? Kai ka raka shi. Duk inda aka ce ga abin banza mai tashi sama, kana gaba."

Na ce, "Ni hoton gidanka na gano maka. Daga sama ma ya fi na kowa datti."

Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. Ya nuna yamma da hannu. "Kun ga dutsen can? Ni na san abin da ke kanshi. Katangata ɗaya da yaron nan. In sun zo, tsayawa za su yi su tambayi wane ne mai kwano?"

Sule ya ce daga sama, "Yini ɗaya ne, Baba. Ba ma yini ba, hantsi. Jirgin na wucewa in mayar."

"Kowa ya ce hantsi ɗaya ne, sai mu yaye garin duka mu aika masu da goron gayyata."

Mai unguwa ya iso da sandarsa, ya saurari kowa. Shi ma ya gaji, shekarun nan sun tsofar da shi fiye da shekarunsa. Ya dubi sama, ya dubi kwanon, ya ce in faɗi abin da na taɓa faɗa masa game da ƙyalli. Na daɗe da lura da wannan tun kafin a rufe, lokacin ba wanda ya damu da shi. Da safe ƙyallin kwano gabas yake jefawa, wajen Tsaskiya. Sai rana ta karkata yake juyawa ya doshi dutse.

Mai unguwa ya ce, "To, an ba ka zuwa azahar. Ana kiran salla, jirgi ya zo ko bai zo ba, a rufe."

Sule ya ce ya yarda. Ɗanmaraya ya tofar da yawu ya koma gidansa.

Daga nan sai jira. Ba wanda ya tafi sharar gona ranar. Aka hana yara fita da awaki. Muka zauna a inuwar katanga muna kallon gabas, kunnuwanmu a buɗe. Duk ƙudan da ya wuce sai wani ya ɗaga kai. Rana ta hau, kwanon ya fara ƙara shi kaɗai, tas, tas, yana miƙewa, kamar mutumin da ya daɗe a kwance. Hantsi ya yi, ya wuce. Sule ya je kan surin da ke bayan masallaci, inda kawai ake samun sabis a garin, ya kira Armaya'u, wayar ba ta shiga. Ya dawo ya sake hawa rufin ya zauna a kan buhu, don kwanon ya fi ƙarfin tafin ƙafa.

Ladan ya jinkirta kiran azahar iyakar yadda zai iya, na lura, amma daga ƙarshe dole ya kira. Muka yi salla. Da muka fito inuwa ta soma komawa gabas, gefen kwanon da ke kallon dutse ya soma ɗaukar ido.

Ɗanmaraya ya fito da tsaninsa a kafaɗa, ya jingina shi a bangon Sule, ya sunkuya ya rungumi damin kara.

"Azahar ta yi. Matsa in hau."

Sule ya ce, "Baba, ka ɗan ƙara mani."

"Ba ni na yanke ba, mai unguwa ya yanke, kai kuma ka ce ka yarda. Gaban mutane."

"Na ce."

"To matsa."

Sule bai matsa ba. Gumi na zuba daga haɓarsa yana sauka a kan kwano yana bushewa nan take.

Sai Hussaina ta fito daga ɗaki. Ta rame ƙwarai a bazarar nan, zanenta ya yi mata yawa. Ta durƙusa ta gaida mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗaga kai.

"Malam, ka sauko hakanan. Ka gasu. In ka ƙara daɗewa sai dai a kawo yaji."

"Koma ciki, Hussaina."

"Ku rufe, Baba Ɗanmaraya. Ni ba na son a ce saboda ni. Da tulun nan muka kai yau, da shi za mu kai inda Allah ya ce."

Ɗanmaraya ya tsaya da dami a ƙirjinsa. Da alama ya shirya wa gardama ne, bai shirya wa wannan ba. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗiyata, ba ni ruwa in sha tukuna. Maƙoshina ya bushe da yi wa mijinki ihu."

Ta je gindin darbejiya ta ɗaga faifan da ke kan tulun, ta matsar da kwalbar maganin gefe, ta ɗebo a moɗa. Ta ce, "Shi ne mai sanyin gidan."

Ya ajiye damin ya karɓa. Ya kurɓa, sai ya riƙe ruwan a baki. Ya haɗiye da ƙyar, ya dubi cikin moɗar.

"A nan maganin yake kwana?"

"A nan yake wuni ma."

"Wannan ai ruwan wankan jego ne."

Hussaina ta yi dariya ta ce ai yau da sauƙi, an yi iska da asuba. Ɗanmaraya ya miƙa mata moɗar. Bai ɗauki damin ba. Ya zauna a matakin tsani na ƙasa, ya juya wa dutse baya, ya fiddo carbinsa. Mai unguwa ya leƙo ya ga haka, ya koma.

Wannan zaman shi ne mafi tsawo da na taɓa yi. Ƙyallin ya cika, har ba a iya kallon rufin. Na san in akwai mai ido a kan dutsen can, ba ya buƙatar sanda ya nuna. Can muka ji ƙarar babur daga yamma. Kowa ya daskare. Wata mata ta fara salati a bayan katanga. Ƙarar ta matso, ta matso, sai ta karkata kudu ta bi hanyar shanu ta ɓace. Har yau ba mu san ko wane ne ba. Bayan ta wuce Ɗanmaraya ya ce wa carbinsa, "To."

Ana gab da la'asar na ji shi. Ni na fara ji, ina alfahari da wannan. Siririn kuka daga gabas, kamar zanzaro a gora. Sule ya diro daga rufin don kada ya tare awon, ya kusa karya ƙafa. Abin ya zo ya tsaya a samanmu. Wannan karon ba wanda ya gudu, sai dai ba wanda ya yi murna, mun gaji da yawa. Ya tsaya, ya matsa, ya zagaya ta kowace kusurwa, ya sake tsayawa. Duk abin bai kai tsawon alwala ba. Ya juya ya koma. Daga baya muka ji cewa a shingen jami'an tsaro aka tsare Armaya'u da akwatin jirginsa tun safe, ana ta kiran waya kafin a sake shi.

Ɗanmaraya ne ya fara hawa tsanin. "Miƙo, miƙo! Kai Mai-tarkace, ajiye fatar macijin nan ka miƙo kara!" Maza suka hau, mata suka yi layi suna miƙa dami, waɗanda karansu ya yi saura suka kawo daga gida don na Sule rabinsa ya ruɓe. Kafin rana ta yi ja rufin ya koma toka-toka kamar sauran. Daren nan ba wanda ya kwana a ɗaki da takalmi a cire. Ba abin da ya faru. Washegari ma haka, da wanda ya biyo.

Sai da mako ya kusa zagayowa saƙon ya shigo. Sule ya sauko daga kan suri, ya biya ta gida, yana tafe yana kallon waya, ya same mu a dakalin masallaci bayan la'asar, ni da mai unguwa da Ɗanmaraya da wasu. Ya kunna mana muryar Armaya'u. Ya ce awo ya fita tsaf, rufin ya isa, an mayar da sunan Hussaina, an tura Katsina a yanka ƙarafa. Zai sanar da ranar zuwa ana gobe, kada a yaɗa. Ya ce a gaida Baba mai tambayar shirwa.

Muka ce alhamdu lillahi. Sule ya zauna a ƙasa ya jingina da dakali. Ya ce ya riga ya gaya wa Hussaina ta kan katanga, ta ce abu na farko da za ta sa a firjin bayan magani shi ne moɗar Baba Ɗanmaraya.

Har da hoto Armaya'u ya turo. Wayar ta zagaya hannu-hannu. Da ta zo kaina na daɗe ina kallo. Ga garin nan toka-toka, ga marke, ga rijiya, ga mu nan kanmu, ƙananan ɗigo a jikin katanga, kowa ya ɗaga fuska. A tsakiya rufin Sule, fari fat, shi kaɗai, kamar haƙori ɗaya a bakin tsoho. An ja masa layuka ta kowane gefe da lambobi, an kuma zana wasu shuɗɗan akwatuna uku a jere a kansa, inda farantan za su zauna. A gefen yamma aka zana su.

Na miƙa wa Ɗanmaraya. Ya riƙe wayar nesa da fuskarsa don idonsa ya yi rauni, ya karkata ta, ya sake karkatawa.

"Wannan shuɗin shi ne solar?"

Sule ya ce, "Shi ne."

"Irin na kan fitilar kasuwar Tsaskiya? Mai kamar gilashi?"

"Irinshi, sai dai ya fi girma."

"Rana yake ci ko?"

"Rana."

"Kullum?"

Sule ya ɗauki wani tsinke a ƙasa yana karyawa. Mai unguwa ya dubi sandarsa. Ni na dubi yamma, inda rana ta sauko ta zauna daidai kan dutse. Ɗanmaraya ya sake duban hoton. Ya share fuskar wayar da bakin rigarsa, ya miƙa wa Sule da hannu biyu, ba faɗa a muryarsa ko kaɗan.

"To Sule, ranar da suka ɗora shi, da mi za mu rufe shi?"